Ranar Tafki

Shekaranjiya ina tsaye a bakin titi ina jiran ɗan acaɓa, sai wata amalanken shanu ta gifta da lodin yashi. Ƙafarta ɗaya na kukan rashin mai, irin siririn kukan nan da yake yankewa yana dawowa. Ba wanda ya waiwaya, don a Daura amalanke ba baƙuwa ba ce. Ni kuwa har masu babur biyu suka tsaya suka gaji suka wuce ban tanka musu ba, ina sauraron kukan har ya shige cikin hayaniyar kasuwa. Mai karatu, wataƙila kai in ka ji wannan kukan gona kake tunawa, ko dawowa daga cin kasuwa. Ni tun ina ƙarama abu ɗaya yake gaya mini, wato an tafi an bar ni a gida.

A wani ƙauye na tashi, arewa da Mai'adua, inda in mutum ya miƙe da tafiya da hantsi, kafin azahar ya shiga Nijar bai ma sani ba. Gidanmu na gandu ne. Baba da ƙannensa biyu, kowa da sashensa da iyalinsa, sai mahaifinsu a ɗakin da ke jikin zaure, wanda duk jikoki muke ce wa Tsoho. Yaran gidan mun fi goma, ban da na goye.

An haife ni da ciwon da yanzu ake kira sikila. A wancan lokacin sanyin ƙashi kawai ake ce masa. Inna ta haifi maza biyu kafin ni, kuma ciwon nan ne ya ɗauke su duka, ba wanda ya kai shekara biyar. Saboda haka ranar da ta ga yatsuna sun kumbura, farin idona ya koma ɗorawa, ba ta tambayi kowa ba, ta san abin da take gani. Ƙannena biyu da suka biyo baya lafiyarsu ƙalau. A kaina tsoronta ya tare gaba ɗaya. Ba ni shan ruwan randa sai an sirka, ba ni taka raɓa, ba ni gudu, ba ni wuce bakin zaure sai da babba. Ba da faɗa ta kafa mini waɗannan dokoki ba. Da ido take yi, kuma idon nan ya fi bulala, don duk sanda na karya ɗaya, tsoro nake gani a cikinsa.

Yaron ƙauye ba ya rasa abin yi, kowane lokaci da nasa. In shamuwa ta sauka kan kukar bayan gida, yara sun san ruwa ya kusa. Ranar da aka yi na fari, sai ka ga an watsar da riguna, ana turereniya a ƙarƙashin indararo, ana ihu. Ni ina ɗaki da rigar sanyi da kaskon garwashi a gabana, ina leƙe ta tsakanin asabari. In an ɗauke ruwan, su tafi kududdufi su ɗebo laka, su zauna gina shanu da raƙuma. Ƙanwata takan kawo mini curi ɗaya, amma sai Inna ta ajiye shi a rana ya yi ɗumi kafin in taɓa, kafin nan ya fara tsagewa, sauran kuma sun gama nasu sun tashi.

Da kaka akwai kalar gyaɗa, akwai kamun fara. Da asuba suke fita, tun raɓa na danne da fiffiken farar ba ta iya tashi, su dawo da buhu yana motsi yana ƙas-ƙas. Aikina shi ne cire fiffike da ƙafafu kafin a soya. Na ƙware har manya na yabo. Da rani kuma su shiga daji neman magarya da kanya da goruba. Gaskiya ba su taɓa mantawa da ni ba, kullum akwai rabona a aljihun wani ko a ƙullin zanen wata. Abin da yake damuna shi ne hirar da suke dawowa da ita. Wani ya ce kun tuna sanda wance ta zame daga reshe, sai duk su kwashe da dariya, ni ma in yi, alhali ban san reshen ba, ban san bishiyar ba.

Fitata ɗaya ce, ita ce hanyar asibiti. Na san titin Mai'adua zuwa Daura tun ina ƙarama, amma a kwance na san shi, kaina a cinyar Inna a bayan mota. Kan itatuwa da wayoyin lantarki kawai nake gani suna wucewa ta taga.

Duk cikin waɗannan ba abin da ya kai ranar tafki. Sau ɗaya ake yinta a shekara, bayan an gama zuba hatsi a rumbu, kafin sanyi ya sauko. Akwai wani babban tafki yamma da ƙauyenmu da yake riƙe ruwa har tsakiyar rani, to gidanmu kaf ake tashi a tafi can a wuni. Dalilin da ake faɗa shi ne wankin tabarmi da barguna da kayan da suka sha daudar damina, amma kowa ya san hutun ƙarshen aiki ne. Tun ana gobe mata ke haɗa dambu da kwaɗon zogale, a kirɓa fura. Maza su fito da homar kamun kifi su duba inda ta yage. Da safe a ɗaura amalanke biyu, a loda kaya, a ɗora yara a kai. Da magariba su dawo da tarwaɗa a bokiti da bado cike da ƙwarya, idanu jawur, muryoyi a dashe.

Shekarun farko Inna ba ta zuwa, zama take yi da ni. Sai da na kai bakwai gwaggona, ƙanwar Baba, ta sa baki, ta ce mace ba ta rayuwa a haka, rana ɗaya a shekara ba za ta kashe kowa ba. Tsoho ya goyi bayanta, ya ce a bar masa amaryarsa, dama an daɗe ana raba shi da ita. Haka yake kirana, irin wasan kaka da jika. Daga shekarar nan ranar tafki ta zama tawa da shi.

Tsoho bafatake ne a zamaninsa. Da jakuna ya yi ta kai goro da tufafi arewa, ya sauko da kanwa da dabino, tun kafin a san shingen kan iyaka na Kongolam da irin binciken yanzu. Lokacin da na san shi gwiwoyi sun ƙi, daga ɗakinsa sai masallaci, yana dogara sanda. Jaki ɗaya ya rage masa, tsoho kamarsa, wanda ya hana a sayar. In an watse aka bar mu, gidan kan yi wani irin shiru da ban taɓa ji a wata rana ba. Kaji su shiga ɗakuna ba mai korarsu. Ka ji kurciya tun daga kan tsamiyar maƙwabta. Shi yana tufka igiyar rama, ni ina riƙe masa bakin, yana lissafa mini rijiyoyin hanyar Damagaram, wacce ruwanta ke da zartsi, wacce sai an haɗa igiya biyu. Wani lokaci ya tsokane ni, ya ce bai taɓa ganin amaryar da mijinta ke ɗumama mata tuwo ba. In ce ai shi ma ango ne da ba ya cefane. Muna jin daɗin juna, amma kunnena na kan hanya tun safe har yamma, kuma ya sani.

Shekarar da nake son ba ka labari ina da goma sha ɗaya. Da safen nan Inna ta ɗaure mini kallabi har kunne, ta nuna mini butar ruwan ɗumi, ta maimaita mini sau uku kada in kusanci randa. Na raka su bakin zaure. Ƙanwata na saman tabarmi tana ɗaga mini hannu har suka sha kwana. Da can in sun tafi nakan shiga bayan rumbu in yi kuka in share ido in fito. Ran nan ban yi ba. Na dawo na zauna na kama bakin igiya, can na tambayi Tsoho ko tafkin ya fi kududdufin bayan gida girma.

Ya fara kwatanta mini, ya ce in na haɗa filin idi da makabarta da gonar liman, to wajen haka. Sai ya tsaya. Ya dube ni, ya tambaye ni ko da gaske ban taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufi ba. Na ce ko kududdufin ma daga kan katanga na san shi. Ya ci gaba da tufka, har na ɗauka maganar ta wuce. Sai da ya kai ƙarshen zaren ramar da ke hannunsa ya ƙulle, ya ce, “Amarya, je ki jawo mini akumarin can na gindin rumbu.”

Da kyar muka ɗaura shi a bayan jakin, ni ba ƙarfi, Tsoho ba gwiwa. Ya kife turmi ya taka ya hau, ya jawo ni gabansa, ya lulluɓe ni da bargonsa duk da rana ta fara zafi. Ba mu bi hanyar amalanke ba. Ta bayan gari muka fita muka shiga burtali, don kada wani ya gan mu ya kai labari.

Ba zan iya gaya maka yadda tafiyar nan ta kasance mini ba sai dai in lissafa abin da na gani. Gonaki an girbe, kara a tsaye an jingina shi gungu-gungu, shanun Fulani na kiwo a ciki, belbelu na bin ƙafafunsu. Na ga bishiyar goruba, abin da na ci ya fi sau dubu, ban san haka take rabuwa biyu ta sake rabuwa ba. Muka wuce wata magarya Tsoho ya ja jaki kusa ya ce in tsinka da kaina. Ina miƙa hannu ƙaya ta kama ni. Ran nan na san dalilin da hannuwan ƙanwata ke dawowa da karce duk sanda ta kawo mini rabona, kuma ba ta taɓa faɗa ba. Jakin na tafiya a hankali, yana tsayawa inda ya ga dama. Tsoho na ta magana a bayana, muryarsa ta canja, ta yi ƙarfi, yana nuna mini inda ayari ke sauka a da, da inda kura ta taɓa kashe masa jaka.

Warin laka na fara ji kafin in ga ruwan. Muka hau wani ɗan tudu, sai ga shi a shimfiɗe, yana ƙyalli har sai da na runtse ido. Ganyen bado ya rufe gefe guda, furanninsa farare a buɗe. Mun fito ta gabas ne, mutanen gidanmu kuwa suna can tsallake. Ina hango amalanken a kwance, shanun a inuwa, tabarmi a shanye kan sabara, yara kamar 'yan kwaɗi suna faɗawa suna fitowa. Ihunsu na isowa gare mu a makare, sai ka ga yaro ya faɗa ruwa sannan ka ji ƙarar.

Tsoho ya sauka a gindin wani gawo, ya ce nan za mu tsaya, don in uwata ta gan mu, da ni da shi da jakin duk mun shiga uku. Ya ce in je bakin ruwa in duba, amma in taɓa da hannu kawai. Na je na taɓa da hannu. Sai na cire takalmi. Laka ta ratsa tsakanin yatsuna, mai laushi, mai sanyi. Na tattare zane na ƙara taku, ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri. Wasu ƙananan kifaye suka taru suna tsattsagar ƙafata. Na ji Tsoho na cewa ya isa haka, na yi kamar ban ji ba, don akwai wani bado da nake son kaiwa gare shi. Sanda na tsinko shi ruwa ya wuce gwiwata, zanena ya jiƙe har cinya. Sanyin na hawa ƙashina ina jinsa, na kuma san abin da yake nufi, amma ban fito ba.

Ina nan tsaye sai na ji wata dariya ta taso daga tsallake, dariyar mace, mai ƙarfi, har da shiɗewa. Ban gane mai ita ba sai da na duba. Inna ce. Tana cikin ruwa har ƙugu ita da matan baffannina, sun kama tabarma ɗaya za su ɗauraye, ɗaya ta watsa mata ruwa, ta saki tabarmar ta bi ta da gudu, ta zame ta nutse, ta taso ba kallabi, kitsonta na zuba, tana dariya kanta a sama. Ban taɓa ganinta haka ba. A gida ma tana dariya, amma gajeriya ce, kullum kunnenta ɗaya na wajena, ko na yi tari, ko na yi shiru da yawa. Wannan kuwa wata yarinya ce da ban sani ba, wadda ta girmi ƙanwata da kaɗan.

Ban ji haushi ba, kada ka ɗauka haka. Abin da na gane a wurin, da hankalin shekara goma sha ɗaya, shi ne ranar tafki ita ce rana ɗaya da Inna ke hutawa da ni. Na buɗe baki zan kira ta, na fasa. Na san ina kira matar can za ta ɓace, tawa ta gida ta dawo. Na juya na fito, na ba Tsoho badon. Ya tambaye ni me ya faru na yi shiru haka, na ce sanyi nake ji.

Kafin la'asar muna gida. Ya hura wuta ya busar mini da zane, ya sa na kankare lakar kofaton jaki da tsinke. Badon kuwa muka fasa muka cinye 'ya'yan tare, ya ce ɓarawon kirki ba ya barin shaida. Da magariba aka dawo. Ƙanwata ta kawo mini bado uku, na karɓa ina juyawa kamar yadda na saba. Inna ta taɓa goshina, ta matsa ƙwaurina, ta dube ni ta daɗe, sannan ta tafi ɗora tukunya.

Kwana biyu lafiya lau, har na fara cewa na sha. A safiya ta uku ciwon ya fara daga gwiwoyi, kafin hantsi ya kama baya ya hau ƙirji. Wanda bai san ciwon nan ba ba zai gane ba, kamar ana daka ƙashinka a turmi ne kana raye. Baffana ya ɗauke mu a babur zuwa Mai'adua, ni a tsakiya Inna na riƙe da ni, daga can mota zuwa Daura. Kwana goma sha ɗaya na yi a asibiti, aka yi mini ƙarin ruwa, aka yi ƙarin jini. Akwai ranar da Baba ya fita waje ya daɗe, daga baya na ji cewa ya cire rai ne. Inna na kan tabarma a gindin gado duk kwanakin nan. Wata rana da rana, suna zaton barci nake, na ji tana gaya wa gwaggo cewa ita ta jawo, kuma ita da tafki har abada. Gwaggo na ta ba ta baki, tana cewa ciwo ai na Allah ne. Ni na san wanda ya shiga ruwa. Na rufe ido na yi shiru, ina tsoron abin da za a yi wa Tsoho, ina kuma tsoron nawa.

Da muka dawo na tarar Tsoho ya rame kamar shi ya yi jinyar. Washegari ya aika a kira masa Inna. Wannan bai taɓa faruwa ba, don tsakanin suruki da matar ɗansa sai gaisuwa daga nesa. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, ta kawar da kai gefe. Ina zaune a zaure ina jin su. Ya gaya mata komai, tun daga akumari har busar da zane, bai ambaci cewa ya hana ni shiga na ƙi ji ba. Ya ce, “Amana kika ba ni na ci. Da ɗiyar nan ta tafi, da ban san da idon da zan dube ki ba. Ki yafe mini.”

Inna ta ce, “Ba komai, Baba. Abin da Allah ya rubuta ne.” Ta tashi ta koma ciki.

Ba a sake tayar da maganar ba, amma abubuwa ba su koma yadda suke ba. Inna ba ta taɓa cewa kada in je wurin Tsoho ba. Sai dai duk sanda na nufi zaure, sai ta tuna akwai wake da za a tsince ko ƙanena na son a riƙe shi. Abincinsa da take kaiwa bakin ƙofa da kanta, ta koma aikawa. Shi ma ya daina ƙwala mini kiran amarya daga ɗakinsa. Sau ɗaya na kai masa ruwan alwala ba kowa a kusa, ya tambaye ni ƙasa-ƙasa ko na yi nadamar zuwa. Na ce a'a. Ya ce, “To ni na yi. Amma ba da yawa ba.”

Da shekara ta zagayo aka ɗaura amalanke, Inna ta cika maganarta, ba ta je ba. Gwaggo ta yi ta yi, ta ƙi. Muka wuni mu uku a gidan nan. Inna na sashenmu tana sheƙar gero da ba ya bukatar sheƙa, Tsoho na ɗakinsa, ni ina tsakar gida ina kora kaji. Na samu abin da na daɗe ina so, uwata ta zauna da ni ranar tafki, kuma ban taɓa ganin rana mai tsawonta ba. Ita ce ta ƙarshe da Tsoho. Da damina ta tsaya ya kwanta, kwana shida ya rasu. Jakin aka ba wani ɗan'uwanmu na tsallaken iyaka.

Ni kuma na rayu, abin da ba wanda ya sa rai. Da yake ba ni da amfani a gona, aka bar ni na yi makaranta, na zo Daura wurin gwaggo na ci gaba, yanzu ina koyarwa a firamare. Ciwon na nan, mun saba, na san abin da yake so da abin da ba ya so. Bayan rasuwar Baba, Inna ta dawo wurina. Mu biyu ne a gidan.

Bara muna zaune da yamma tana ɓarar gyaɗa, ban san abin da ya kawo maganar ba, na ce mata ran nan fa na gan ta a cikin ruwa, na ji dariyarta, kuma na daɗe ina jin ni na raba ta da wannan. Ba ta daina ɓara ba. Ta ce, “Ai na gan ku.”

Na ce ta gan mu a ina.

“A gindin gawo. Jakin na fara ganewa, sannan farar hular kakanki. Ina kallo kika cire takalmi.”

Na tambaye ta me ya hana ta magana. Ta ce in ta yi magana dole ta kore ni, ita kuwa a ranta cewa ta yi bari yarinyar nan ta taɓa ruwa ko sau ɗaya, kada ta tafi kamar yayyenta ba ta ga komai a duniya ba. Sai ta juya mana baya ta kama tabarma. Dariyar kuwa ta ce ba ta tuna ba, abin da ta tuna tsoron da ya cika ta a cikin ruwa. Na ce to me ya sa ta raba ni da Tsoho, in dai ta sani tun farko. Nan ne ta ajiye gyaɗar.

“Ba fushi ba ne. Kunya ce. Dattijo ya kira ni ya roƙe ni gafara a kan laifin da muka yi tare, na kasa buɗe baki in ce da ni a ciki. Daga ranar ban ƙara iya haɗa hanya da shi ba. Na bar shi ya tafi da abin shi kaɗai.”

Har aka kira magariba ina ta tunanin ranar can da muka wuni mu uku, tsakaninmu bai fi taku ashirin ba, kowa da guntun magana ɗaya a bakinsa.

Yanzu ba a ranar tafki a ƙauyenmu. An ce mini masu lambu sun kewaye shi da injinan ban-ruwa, kafin tsakiyar rani ya zama fako. Gandun ma ya watse, kowa da gidansa, wanki kuma a bakin famfo ake yi. Yaran birni fitarsu ta koma ta sallah, a kai su wurin lilo da kaya sababbi, a ɗauke su hoto a waya, a sayo musu abin sanyi a dawo. Ba na cewa namu ya fi nasu, ni da ban ma yi namun ba. Abin da na lura bai canja ba shi ne duk inda aka kwashi yara za a fita, akwai wanda ake bari, kuma yawanci don ana sonsa ne.

A ajina akwai wata yarinya mai irin idona da irin ciwona. Ƙarshen zangon nan makaranta za ta kai yara su ga tsohuwar rijiyar cikin gari da ganuwa da wurin masu jima, tafiyar wuni ɗaya. Uwarta ta aiko cewa ban da ita. Na je gidan da kaina, na gaya mata ni ma ciwon gare ni, na ce zan zaunar da ita kusa da ni, da rigar sanyi da gorar ruwa, ba za ta yi tafiyar ƙasa mai nisa ba. Matar ta saurare ni har na gama, tana murza bakin mayafi, ta ce za ta yi shawara da babanta. Har yau ba ta aiko ba, ni kuma ban matsa ba, don na san in abin ya juya ba ni zan kwanta a tabarmar asibiti ba. Na dai rubuta sunan yarinyar a takardar masu tafiya, da fensir.